Tukunya da Aljihu: Tarihin Kuɗin Cefane Daga Udoji Zuwa Afafata

 

Ya ɗan'uwa mai karatu, idan aka ambaci tarihi, abin da yakan fara zuwa mana a rai shi ne sarakuna da yaƙe-yaƙe da juyin mulki. To amma akwai wani tarihin da ake rubutawa kowace safiya a bakin ƙofar ɗaki, a lokacin da maigida zai fita ya miƙa kuɗin cefane, uwargida ta ƙirga, ta yi shiru, sa'annan ta shiga lissafin abin da zai shiga tukunya da abin da za a haƙura da shi. Wannan ɗan lissafi yana da hannu a tsawon da yaro zai yi, da yawan jinin da ke jikin mai juna biyu, da girman tumbin magidanci idan ya haura arba'in. Abin da nake so mu bibiya shi ne yadda kuɗin cefane ya riƙa kumbura yana motsewa a gidajen Arewacin Najeriya cikin shekaru hamsin da suka gabata, da abin da hakan ya yi wa cimarmu da jikkunanmu.

Lokacin da rumbu ke mulki

A gidan Bahaushe na dauri, tuwo ba daga kasuwa yake fitowa ba. Gero da dawa suna rumbu, kuma haƙƙin maigida ne ya fitar da damin da za a sussuka. Cefane a asalin ma'anarsa kayan miya ne kurum: gishiri, daddawa, barkono, ɗan mai, da nama idan da hali. Kuka da kuɓewa da yakuwa da karkashi galibi daga gona ko bayan gida ake samo su, a shanya a adana. Nono kuwa 'yan matan Fulani ke kawowa har zaure, a wasu wuraren ma da hatsi ake musanyarsa. Saboda haka a wancan zamani yanayin shekara ne ke juya jikin mutum. Da kaka a ci a murmure. Idan damina ta yi tsakiya, wajen Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa alhali aikin gona ya kai matuƙa, sai manomi ya faɗa, wuyansa ya fito, ba zai dawo hayyacinsa ba sai an fara gasa tumu.

Kada mai karatu ya ɗauka ina yabon wancan zamani ne ido rufe. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Kanawa suka sa wa suna Kakalaba, ta kashe mutane masu ɗimbin yawa, ta watsa garuruwa. Ta 1927 kuma ana tuna ta da sunan 'Yan Buhu. Masanin nan Michael Watts, wanda ya yi bincike a ƙasar Katsina kuma ya wallafa littafinsa kan yunwa a Arewa cikin 1983, ya kafa hujja da cewa harajin Turawa da ake biya da tsabar kuɗi, da noman gyaɗa da ya bunƙasa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, su suka fara raunana rumbu suka jingina talaka da kasuwa. Binciken da aka gudanar daga Samaru a ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau a 1970 da 1971 ya nuna cewa dawa ce ƙashin bayan abinci, amma tun a lokacin wani kaso mai tsoka na abincin rana, irin su fura da ƙosai, saye ake yi daga matan da ke sana'a a cikin gidajensu. Ashe kuɗi sun riga sun sa ƙafa ɗaya a madafa.

A riƙe wani abu daga wannan zamani, domin zai yi mana amfani a gaba. Al'ummar da ta saba ganin rama kowace damina, kuma take tuna Kakalaba, dole ta ɗauki ƙiba a matsayin alamar alheri. Shi ya sa har gobe idan aka ce wa mutum ya murje, yabo ne. Idan amarya ta yi wata uku ba ta ciko ba, sai dangi su fara tambayar ko lafiya. Kitse a wancan lokaci ajiya ne, kamar hatsi a rumbu.

Udoji ya canza harshe

Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙone gonaki ya kashe dabbobi, sannan a 1975 wata cuta ta afka wa gyaɗa ta durƙusar da nomanta a Arewa. A daidai wannan lokaci ne kuma farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu a kasuwar duniya. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta karɓi rahoton kwamitin Jerome Udoji a ƙarshen 1974, a farkon 1975 ma'aikata suka karɓi ƙarin albashi haɗe da bashin watannin baya a dunƙule. Ƙauye na kuka, birni na sayen babur da rediyo. Matasa suka bar fartanya suka nufi Kano da Kaduna da Legas, mutumin da jiya yake da rumbu yau ya koma mai awo da mudu.

Naira kuma tana da ƙarfi, har ta kai a 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya da rabi. Natijar haka ita ce abincin waje ya fi na gida araha. Shinkafar da Najeriya ke shigowa da ita a 1970 ba ta taka kara ta karya ba, amma a 1978 ta haura tan 500,000. Alkamar da ake shigowa da ita, galibi daga Amurka, ta wuce tan miliyan ɗaya a shekara a farkon shekarun 1980, aka kuma kafa masana'antar fulawa a Kano tun tsakiyar shekarun 1970. Kafin nan, in ka ɗebe ƙasashen fadama irin su Kabi da Sakkwato da Nupe, shinkafa abincin Sallah da biki ce. Alkama kuwa ta gidan sarauta da attajirai ce da zuriyar Larabawan Kano, ana yin gurasa da alkaki da finkaso da ita. Cikin shekaru goma kacal sai ga lebura yana karya kumallo da shayi da burodi a teburin mai shayi, ga madarar gwangwani da sukari da kifin ƙanƙara a gidan ƙaramin ma'aikaci. Wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun kira wannan al'amari tarkon alkama a littafin da suka fitar cikin 1985, kuma sunan ya dace: ƙasa ta koya wa harshenta abin da gonarta ba ta iya samarwa da yawa. Shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, da na bunƙasa noma na Shagari a 1980, da manyan madatsun ruwa irin su Tiga da Bakolori, duk ba su cike giɓin ba.

Da aljihu ya tsuke

Farashin mai ya fara zamewa a 1981, a watan Afrilun 1982 gwamnatin Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu. A 1983 cutar bushiya ta yi wa shanu mummunar ɓarna, fari ya sake dawowa. Iyayenmu suna ba da labarin 1984, zamanin mulkin soja na Buhari, yadda ake kwana a layi domin sayen shinkafa da sukari da madara da sabulu a farashin gwamnati. Babangida ya hana shigo da shinkafa da masara a 1985, ya ƙaddamar da shirin SAP a 1986, ya hana shigo da alkama daga Janairun 1987. Naira da ke kusan kunnen doki da dala a 1985 ta koma kusan huɗu a dala ɗaya a 1987, ta kusa goma a 1991. Lissafi ɗaya ya isa ya nuna girman abin: mafi ƙarancin albashi na naira 125 da aka tsayar a 1981 ya kai kimanin dala 200, naira 250 da aka tsayar a 1991 ba ta wuce kimanin dala 25 ba. Albashi ya ninka a takarda, ya narke a kasuwa. A tsakiyar 1989 ɗalibai da talakawa suka fantsama tituna suna zanga-zangar ƙin SAP.

To, me uwargida take yi idan kuɗin cefane ya ragu haka? A nan ne nake son mu ɗan daɗe, domin nan ne zuciyar mas'alar. Tun a 1857 wani masanin ƙididdiga Bajamushe, Ernst Engel, ya duba kasafin gidajen ma'aikata a Beljiyam ya fitar da ƙa'idar da ke ɗauke da sunansa har yau: gwargwadon talaucin gida, gwargwadon girman kason da abinci ke ci daga kuɗin shigarsa. Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta gano cewa a 2019 kusan kashi 57 cikin ɗari na abin da gidaje ke kashewa a abinci yake tafiya. Gidan da yake haka ba shi da wata rigar da zai rage. Idan farashi ya tashi, tukunya za a taɓa.

Kuma ba a rage komai daidai wa daida. Yunwa ciki take cizo, don haka abin da ke cika ciki shi ake karewa har ƙarshe. Awon gari na giram 100 yana ba da kalori kimanin 350, mai kuma ya fi haka nesa, domin kowane giram nasa kalori tara ne; ganye da tumatir ba su kai kashi ɗaya cikin goma na garin ba. Naira ɗaya a kan tsaba ko mai ko sukari tana kashe yunwa fiye da naira goma a kan nama ko ƙwai ko lemo. Uwar da take da baki takwas a gabanta ba ta karanta wannan a littafi ba, amma ta fi kowane malamin jami'a saninsa. Shi ya sa matakan suke zuwa a jere kusan iri ɗaya a kowane gida. Da farko nama ya tashi daga na kullum ya koma na Juma'a, daga nan ya koma na Layya. Madara ta fita daga shayi, man shanu ya bar kan tuwo, nono ya yi ruwa-ruwa a cikin fura. Miya ta tsinke. Sai a sauka daga shinkafa zuwa masara, daga masara zuwa garin kwaki. Idan an kai bango sai a taɓa adadin cin kansa. A wannan zamani ne ɗaliban jami'a suka ƙirƙiro lissafin nan na barkwanci mai ɗaci, 1-0-1 da 0-1-0, wato sifili a gurbin duk abincin da aka tsallake.

Wahala ta haifar da dabaru, wasu masu amfani wasu na rufin ido. Ganda ta maye gurbin tsoka. Tana ba haƙori aiki, amma ginin jikin da ke cikinta bai kama ƙafar na nama ba. Dunƙule ya ture daddawa gefe, alhali daddawar kalwa abinci ce mai gina jiki, shi kuwa dunƙule mafi yawansa gishiri ne da ɗanɗano, ko da yake daga baya masu yin sa sun riƙa ƙara masa sinadarin ƙarfe. Aikinsa shi ne ya sa miyar da ba nama ta yi ƙamshin nama, wato ya lallashi harshe ya bar jiki da bashi. Abin da ni a ganina ya fi kowanne albarka shi ne awara. Daga 1987 cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da abokan aikinta suka tashi tsaye wajen koyar da sarrafa waken suya, matan Arewa suka karɓe shi suka mayar da shi sana'a, har ya zama naman marasa nama a kowane lungu. Garau-garau da ɗanwake da kwaɗon zogale da na rama su ma sun riƙe gidaje da yawa.

Akwai kuma abin da masu lissafin abinci kan manta, wato kuɗin wuta. Wake yana da araha idan aka gwada da nama, amma yana cin itace. A shekarun 1990, da kananzir ya yi wuya har mutane suka koma murhun da suka laƙaba wa sunan Abacha, abincin da ke nuna cikin minti biyar ya samu kasuwa. A tsakiyar shekarun ne aka buɗe masana'antar Indomie a Ota ta jihar Ogun, daga baya Fatakwal da Kaduna. Taliya da mai da yaji, burodi da ruwan shayi mai zaƙi, su ne magadan SAP na haƙiƙa.

Kwanon wa ake ragewa?

Gida ba ciki ɗaya ba ne. Idan nama ya koma yanka uku a tukunya, akwai wanda zai ci akwai wanda zai sha romo. Seebohm Rowntree, da ya bi gidajen ma'aikata a birnin Yok na Ingila a 1899, ya tarar da fiye da rubu'in mutanen garin cikin talauci, ya kuma lura da cewa mata da yara ne ke haƙura domin mai fita aiki ya samu ɗan nama, saboda idan ƙarfinsa ya faɗi gidan gaba ɗaya ya faɗi. Wanda ya tashi a gidan Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa wannan. Kwanon maigida ake fara zubawa, a zaɓa masa tsoka. Yara su taru a kwano ɗaya, mai saurin hannu ya ƙoshi, ƙarami ya tashi da loma biyar. Mai girki ita ce ta ƙarshe, wani lokaci ƙanzo ne rabonta, kuma sau da yawa ita ce mai ciki ko mai goyo, wato wadda jikinta ya fi na kowa bukata. Yawancin magidanta ba su san haka na faruwa ba, domin mace mai kara ba ta faɗa, kuma giɓin da ke tsakanin abin da aka ba ta da abin da tukunya ta ci takan cike shi da ribar ƙuli-ƙulinta ko kuɗin adashinta.

A nan tarihinmu yana da abin faɗa. A shekara ta 18 bayan Hijira fari ya auka wa Hijaz, shekarar da ake kira Amur Ramada, mutanen ƙauye suka kwararo Madina. Ibn Sa'ad da wasu malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar (RA) ya haramta wa kansa man shanu da nama har sai jama'a sun samu, ya koma cin gurasa da man zaitun, har launin fatarsa ya sauya cikinsa yana ƙugi. Ya rubuta wa gwamnoni a kawo ɗauki, Abu Ubaida ya iso daga Sham da ayarin raƙuma ɗauke da abinci. Abin lura a ƙissar shi ne inda aka fara yanka: kwanon shugaba. Tsarin da muka gada a gidajenmu ya juya wannan, ragin yana farawa daga mafi rauni. Ciyarwa wajibi ce a kan miji gwargwadon halinsa, babu saɓani. Amma mai ƙaramin hali ma yana da iko a kan yadda za a raba ɗan abin da ya kawo, kuma ƙwai ɗaya a cikin ɗan shekara ɗaya ya fi aiki nesa ba kusa ba fiye da a cikin ɗan shekara arba'in.

Rama da ƙiba a gida ɗaya

Hankali zai ba mutum cewa ƙarancin kuɗi rama yake kawowa, kuma a mafi yawan Arewa haka abin yake. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba; a Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. Kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Wanda ke koyarwa a Islamiyya yana ganin fassarar waɗannan alƙaluma da la'asar: yaron da za ka ba shekara bakwai sai ka ji goma yake, ga hamma, ga hadda ba ta zama, a yi ta yi masa faɗan lalaci alhali tun kokon safe bai sa komai a ciki ba.

Sai dai binciken nan dai ya nuna kashi 28 na matan ƙasar nauyinsu ya wuce kima, kashi 12 kuma ramammu ne. Gaskiya ne ƙibar ta fi yawa a birane da Kudu da gidajen masu hali, don haka ba daidai ba ne a kwaso labarin Amurka, inda talaka ya fi mai kuɗi teɓa, a ɗora mana kai tsaye. Amma hanyar da ta kai su can mun riga mun hau ta. Ma'aikacin birni da ke wuni a zaune a shago ko a kan babur, abincinsa burodi da taliya da soyayyen abu da lemon kwalba, yana tara kalori fiye da bukatarsa alhali jikinsa na yunwar sinadarai. Ga kuma zagayen wata: makon da albashi ya shigo a ci a rama, goman ƙarshe a ɗaure ciki. Wani likitan yara a Amurka, William Dietz, ya ja hankali ga irin wannan tun 1995, da ya ga yarinya mai matsananciyar ƙiba daga gidan da kuɗin abinci ke yanke musu kafin wata ya ƙare. Sai ka shiga gida ka tarar da uwa mai jiki da hawan jini, ga yaronta tsumburarre a gefe, kuma tukunya ɗaya ce ta haifar da su duka. Maƙwabta, da tsohon ma'aunin zamanin Kakalaba, sai su ce ai tana jin daɗi.

Akwai abin da ya fi wannan tayar da hankali. A hunturun 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus sun toshe abinci ga yammacin Holan, mutane kimanin 20,000 suka mutu. Da aka auna samari kusan 300,000 da suka zo shiga soja shekaru 19 bayan haka, binciken da aka buga a 1976 ya gano cewa waɗanda yunwar ta samu iyayensu mata a farkon rabin goyon ciki sun fi sauran yawan ƙiba. Bincike na baya ya ƙara da ciwon sukari da na zuciya. Jikin da aka gina cikin ƙunci yakan koyi rowa, idan ya samu yalwa daga baya sai ya kasa sarrafa ta. 'Ya'yan da aka haifa a zamanin SAP yanzu su ne masu shekara talatin da wani abu zuwa arba'in, wato tsararrakina.

Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya keɓe fasali kan tasirin yalwa da ƙarancin abinci a jiki da ɗabi'a. Ra'ayinsa shi ne mutanen sahara masu ƙarancin hatsi sun fi mutanen birni masu yalwa lafiyar jiki da kaifin hankali, kuma idan yunwa ta zo waɗanda suka saba da ƙoshi su suka fi saurin halaka. Na sha jin ana kafa hujja da irin wannan magana, ko da hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdam bn Ma'adikarib kan raba ciki kashi uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, domin a lallashi talaka cewa ƙarancin cinsa lafiya ne. Wannan ɗora magana ne a inda ba muhallinta ba. Hadisin yana tsawatar wa mai iko ne ya ci ya wuce kima. Makiyayan da Ibn Khaldun ya yaba kuwa, shi da kansa ya ce nono da nama suke rayuwa a kai. Hatsi suka rasa. Talakan birninmu akasin haka yake, hatsin ne kawai ya rage masa. Haka nan ruwayar Nana A'isha (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa akan ga jinjirin wata uku ba a hura wuta a gidajen Manzon Allah (SAW) ba sai dabino da ruwa: masu wa'azi sukan tsaya a nan, alhali ruwayar ta ci gaba da cewa akwai maƙwabta daga Ansar masu dabbobin tatsa da ke aiko musu da nono. Wannan ƙarshen shi ya fi shafar mu, mu da al'adar ciyayya da miƙa kwano ta katanga take ja da baya a unguwanninmu tun da kowa ya koma awo.

Afafata

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Dala da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta kai wajen 1,500. Hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. A Fabrairun shekarar mata masu gurasa suka yi zanga-zanga a Kano kan tsadar fulawa, a wannan watan kuma duniya ta ji sunan afafata, wato tsakin shinkafar da masu casa suke warewa, wadda a da kifi ake ba, ta zama abincin gidaje. A watan Agusta zanga-zangar tsadar rayuwa ta girgiza Kano da Kaduna da wasu biranen.

Hukumar Ƙididdiga tana fitar da wani ma'auni mai amfani, wato mafi ƙarancin kuɗin da baligi ɗaya ke bukata a rana domin ya ci abinci mai lafiya daga mafi arahar abin da ke kasuwa. A tsakiyar 2024 ya haura naira 1,200 a matsakaicin ƙasa, a Arewa maso Yamma kuma yana wajen naira 1,000. Mu ɗauki na Arewa. Miji da mata su biyu kaɗai za su ci naira 60,000 a wata. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Saura 10,000 ga yara, da haya, da wuta, da kuɗin mota, da magani. Wannan ma ga mai albashi ke nan, alhali mafi yawan jama'a ba su da shi. Binciken lafiya na 2023 zuwa 2024 ya nuna tsumburewar yara ta tashi zuwa kashi 40. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayar da sanarwar cewa yara 652 sun rasu sakamakon tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin watanni shida na farkon 2025, a jihar da hare-haren 'yan bindiga suka raba manoma da dama da gonakinsu.

A 2025 farashin hatsi ya sauko sosai, bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na wani lokaci kuma aka samu girbi, har manoma suka koma kukan cewa masara ba ta fitar da kuɗin taki. Gidaje da dama sun bar afafata sun koma shinkafar kirki, magidanta sun mayar da naman da suka zubar. Yaro kuwa lissafinsa daban ne. Masana lafiya sun daɗe da tabbatar da cewa kwanaki 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cika shekara biyu, su ne lokacin da ake aza tsawon jiki da ginin ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya kuɓuce a cikinsu da wuya ake mayar da shi duka. Jaririn da aka raɗa wa suna a makon da aka janye tallafi ya cika shekara biyu a tsakiyar 2025. Shayarwarsa da yayensa duk a cikin tsadar suka faɗa, kuma shi ne za a kawo mana aji ɗaya a 2029.